Baƙon da Ya Zo da Ɗakinsa

Kalilu yana tsugune gaban risho yana ba shi iska, sai ya hango yayansa Bawa ta tagar mota, ya fito daga zaure da hauya a kafaɗa. Ya saki rishon ya leƙo da kai waje.

"Yaya, ina kwana? Tsaya mana, shayi ya kusa."

Bawa ya tsaya inda kiran ya same shi, bai ƙara taku ɗaya zuwa wajen motar ba. Dogo ne busasshe, gemunsa ya yi fari fat, alhali shekara shida kawai ya ba Kalilu.

"Lahiya lau. Ka tashi lahiya? Ya kwanan mota?"

"Alhamdu lillahi. Yaya, yau dai ka kai ni wurin Inna. Ka san takardar da anka ba ni ta kwana guda ce. Kahin ƙarhe biyar sai na hita ƙasar Ingilishi."

"In Allah ya so," in ji Bawa. "Haki ya ci ƙarhin gero. Bari in rage tun rana ba ta yi ba."

Ya juya ya kama hanyar gona. Kalilu ya bi shi da ido har ya ɓace bayan masallaci. Jiya ma da ya ɗauko maganar, abin da aka ce masa ke nan, in Allah ya so. Shi kuwa ba don ya ga gero ya yi kwana goma sha biyu a hanya ba. Kabarin mahaifiyarsu ya zo gani, kuma a garin nan ba a sa wa kabari suna. In wanda ya sani bai kama hannunka ya nuna maka ba, sai ka taka na uwarka ka wuce ba ka sani ba.

Shekara ashirin da bakwai ke nan rabonsa da gida. Ya fita yana saurayi, ya bi manyan motoci har Yamai, can ya koyi tuƙi da kanikanci, can ya yi aure. Rasuwar Inna a bakin wani falken goro ya ji ta, a tasha, cikin shekarun yaƙin Jamus, wata takwas bayan an yi ta. Ya ɓuya bayan wata mota ya yi kukansa, ya ce zai zo gaisuwa bayan damina. Damina goma sha uku ta wuce. Sai bara da matarsa ta rasu, ya sa ta a rami da hannunsa, ya riƙa zuwa kanta duk Juma'a. Ran nan yana tsaye yana addu'a abin ya soke shi: ya san inda 'yar mutane take kwance, bai san inda wadda ta haife shi take ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta bari mutum ya ci abinci da daɗi. Shi ne ya aika wa Bawa cewa yana tafe.

Motar kuwa abin a tsaya a kalla ce. Asalinta ƙaramar motar ɗaukar kaya ce da wani ɗan kasuwa Bafaranshe ya yar. Kalilu ya same ta gawa, ya tashe ta da hannunsa, ya sa kafinta ya gina mata ɗakin katako a baya aka rufe da kwano. A ciki akwai gado mai naɗewa jikin bango, da kabad na gwangwanaye, da tankin ruwa mai famfo, da taga biyu masu labule, har da ƙusar rataya buta. Da yake Allah bai ba su haihuwa ba, matar na rasuwa ya saki ɗakin haya ya tare a cikin mota. Daga Yamai zuwa Doso, zuwa Birnin Ƙonni, zuwa Maraɗi, duk inda yamma ta yi masa sai ya nemi gindin itace ya tsaya. Yakan ce shi ba ya kwana gidan kowa, ba ya cin na kowa, ba mai ce masa tashi. Da alfahari yake faɗa, amma in za a bi gaskiya kaɗaici ne ya koya masa wannan alfaharin.

Jiya da hantsi ya iso kan iyaka a Jibiya. Malamin kwastan, wani siriri mai suna Malam Abdu, ya zagaya motar sau uku, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya murɗa famfo, sannan ya tambaye shi wai mota ce ko gida. Ya ce motar da ke ɗauke da lambar Faransa, in ba ta zo da babbar takarda daga Katsina ba, kwana ɗaya tak yake da ikon ba ta. Ya buga hatimi mai watan Yuli na 1956, ya ce gobe kafin ƙarfe biyar ta fita, in ba haka ba a kama ta. Kalilu bai damu ba. Nuna kabari aikin rabin sa'a ne.

Garinsu, Birnin Ɗinya, sunan ya fi shi girma. Gidaje ne da ba su wuce hamsin ba, a zagaye da ragowar ganuwar da kakanni suka gina lokacin da mahaya ke kawo hari daga arewa. Yanzu ganuwar ta zube ta zama tudu, awaki ke hawa su sha iska, ramin da aka haƙa a bayanta kuwa an shuka masa dawa. Amma mutanen garin har gobe in za su ba ka kwatance sai su ce ƙofar gabas, ƙofar yamma, kai kana ta raba ido ba ka ga ko ƙyaure ba.

Da motar ta shigo ta ƙofar gabas ɗin, ba wanda ya rage a gida. Bawa ya rungume shi yana hawaye, yana ta kiran sunansa. Bayan an gama gaishe-gaishe ya kama hannunsa ya nufi zaure, ya ce an gyara masa ɗaki. To, Kalilu mutum ne mai ido. Tun daga waje ya hangi rumbun gidan, ya ga tsanin da aka jingina, ya san sai an shiga ciki ake kai hannu ga hatsi. Ya ga gwiwar wandon Bawa, ya ga wuyansa. Tsakiyar damina ce, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Sai ya zare hannunsa a hankali ya yi dariya.

"Haba Yaya, kada ku wahalshe da kanku. Ni ai da ɗakina na zo."

Jama'a suka yi dariya, shi ma Bawa ya yi. Da yamma aka kawo tuwon gero a akushi, Kalilu ya ce wallahi a ƙoshe yake, ya mayar da shi, ya ɗora gwangwanin kifi biyu da ƙullin sukari a kan marfin. Ya kwanta yana jin daɗin kansa, don a ganinsa tausayi ya yi.

Yau ma bai gama shayi ba 'yan kallo suka dawo. Mai gari da kansa ya zo, aka taimake shi ya hau matakala, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo masa a hannu, ya yi salati. Wani tsoho a bayansa ya dubi gado, ya dubi risho, ya dubi gwangwanaye a jere, ya gyaɗa kai.

"Wanga bawan Allah ai bai bukatar kowa."

"To, haka Allah ya yi," in ji Kalilu, yana murmushi. Yabo ya ɗauke shi.

Da rana ta ɗaga ya kulle mota ya bi Bawa gona. Ya bi ta gaban tsoffin rijiyoyin rini da ƙasa ta cike, ta gindin ɗinyar da ya taɓa faɗowa daga kanta, ya fita ta ƙofar yamma. Gero ya kai gwiwa, kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwan shekaranjiya. Ya tarar da Bawa da maƙwabta uku suna tura hauya a jere. Ya yi musu barka da aiki, ya tsaya a gefe da takalmansa na fata yana duba agogo. Da ya sake tuna masa, Bawa bai ko ɗago ba, ya ce a bari sai bayan azahar. Bayan azahar kuwa, Kalilu na jira a ƙofar masallaci, aka ce masa ai ya fita ta ƙaramar ƙofa ya koma gona.

Nan ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya koma mota ya zauna a kan matakala yana ƙuna. Ya tabbata horo ne ake yi masa, na shekara ashirin da bakwai, da na gaisuwar da bai zo ba. To ya yarda ya yi laifi. Amma sai a faɗa masa a fuska, a zage shi in za a zage shi, ba a riƙa ja masa rai da kabarin uwarsa ba. Agogo ya nuna biyu da rabi.

Yana nan zaune sai ga Rabi'a, matar Bawa, ta dawo daga kai fura gona da ƙwarya a ka. Tana amarya ya bar gida, ita ce ke korarsa da muciya in ya zo satar ƙanzo. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, kuma abin da duk gari zai ji nauyin faɗa, ita tana iya faɗinsa tana dariya. Ta sauke ƙwaryar ta riƙe ƙugu.

"Sannu Bature. Ana iya gaishe ka daga nan, ko sai an yanki tikiti?"

"Matar Yaya, bar ni. Mijinki na wasa da ni. In hushi yake yi don ban zo gaisuwa ba, shi hwaɗa mani."

"Gaisuwa? Wa ya tuna da wagga? Ranar da saƙonka ya zo, rawa ce kaɗai bai yi ba." Ta matso ta leƙa cikin motar, ta taɓe baki. "Nan ka kwan? Cikin akwati? To bari in hwaɗa maka, tunda kai ka yi nisa ka mance hanya. Ɗakin da ka ƙi shiga, ɗakin Inna ne. Tun da ta rasu ba wanda ya kwan ciki. Yayanka ya bar noma kwana huɗu, cikin wanga haki da ka gani, ya sake mashi jinka. Ni da gwiwoyina na yi mashi daɓe. Zakara na nan ɗaure tun jiya, ya gaji da jiranka."

Kalilu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ban ƙare ba. Ka san abin da aka cewa bakin rijiya yau da sahe? Wasu sun ce ƙanen Bawa na ƙyamar tabarmar gidansu. Wasu sun ce tsoro kake a sa maka wani abu cikin tuwo, don a gaji mota. A gidan ubanka, Kalilu! Kuma ka maido mamu akushi da kihin gwangwani bisa, gaban mutane, kamar masu bara sunka zo ƙohwarka."

"Wallahi ba haka nike nuhi ba. Na ga rumbunku ne. Na ga ba ku da shi."

"Wa ya aike ka leƙen rumbunmu?" Dariyar ta bar fuskarta. "Mu ba mu san ba mu da shi ba? Mutum ko bai da komi, yana da tabarmar da zai shimhiɗa ma ɗan'uwa nai, shi ce ga wuri. Ita kaɗai ta rage mashi, ita ka naɗe ka miƙa mashi."

Kalilu ya sunkuyar da kai. Kunyar da ta taso shi daga Yamai ƙarama ce a kan wannan. Ya tuna dariyar da Bawa ya yi jiya a tsakiyar jama'a, sai yanzu ya ji yadda take.

"Shi ya sa ya ƙi kai ni?"

"Wannan tsakaninku ne, ni ba ruwana. Abin da na sani, akwai maganar da ba a yi bakin mota, rabin gari na kallo."

Ya duba agogo, uku ta gota. In ya kwana a ɗakin, gobe motar ta zama ta hukuma, ita ce kuwa gidansa da sana'arsa da duk abin da ya tara. In ya fita da ita, ya tafi ke nan bai ga abin da ya zo gani ba, ya kuma bar Bawa da bakin mutane. Ya miƙe ya ɗauko ƙarfen tayar da inji.

"Za ni Jibiya in roƙi malamin kwastan shi ƙara mani kwana. Ki ce ma Yaya yanzu zan komo."

Rabi'a ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka.

"Wancan karo ma haka ka ce mani. Ka ce za ka kasuwar Katsina ka komo."

A Jibiya ya tarar da jerin jakuna da raƙuma biyu a gaban ofishin, wasu mata sun wuce ta gefe da tallan nono, ba wanda ya ce musu kanzil. Malam Abdu yana zaune a baranda yana fifita da wata tsohuwar takarda. Ya saurari Kalilu har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Direba, da da hali da na yi maka. Ba ni da iko. Sai Bature, shi kuma yana Katsina, sai Litinin."

"Kwana guda, Malam. Kabarin mahaihiyata na zo gani. In kun kore ni yau, ban san ran da zan komo ba."

"Wa ya kore ka?" Malam Abdu ya ajiye takardar. "Ba ka ce mini a Birnin Ɗinya aka haife ka ba? Dubi takardar da na ba ka da kyau. Lambar mota ce a jiki, ba sunanka ba. Motar ce baƙuwa. Kai in ka ga dama ka shekara, ina ruwan gwamnati da ƙafarka? Ba ka ga matan can ba?"

Kalilu ya dubi takardar, ya dubi matan da suka riga suka yi nisa. Abin da sauƙi haka, amma ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba. Ya daɗe rabon da ya ɗauki kansa dabam, motar dabam.

Ya tuƙa ta ya tsallaka. A ɓangaren Faransa ofishin duwan, wato kwastan ɗinsu, ɗaki ɗaya ne da tuta, da wani tsohon soja mai gadi yana gasa masara. Kalilu ya ajiye motar a gindin wani gawo, ya roƙe shi ya sa mata ido.

"Kwana nawa, Mushe?" in ji tsohon, da kiran girmamawa irin na Faransawa.

"Ban sani ba tukuna."

Tsohon ya zagaya motar yana cin masararsa, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa.

"Ni da rana nike gadi. Wata motar kaya ta kwan biyu nan bara, mai ita ya komo ya iske ta bisa duwatsu, ba taya ko guda. Na dai hwaɗa maka."

Kalilu ya san gaskiya ce, shi da ya yi rayuwarsa a tasha. Ya buɗe inji ya cire wani ɗan ƙarfe ya sa a aljihu, don ko an so tayar da ita kada ta tashi. Ya shiga ɗakin ya tsaya. Hannunsa ya kai kan bargo, ya kai kan buta, ya kai kan kabad. Zuciyarsa na ce masa ko gidan sauro ya ɗauka, ko ɗan shayi. Ya janye hannun, ya ja labule, ya kulle ƙofa. Tsoro yake ji sosai, don bai san abin da zai dawo ya tarar ba.

Hanyar ƙafa ta yanke ta cikin gonaki, ba ta bi ta Jibiya ba. Bai san inda ƙasar Faransa ta ƙare ta Ingilishi ta fara ba, gero ne dai hagu da dama. Takalman fata suka cika da rairayi, suka fara cizon dunduniya. Sau biyu ya ɓata, ya tambayi manoma, suka nuna masa da hannu suna duban wannan mutum mai agogo da ke tafiya a ƙasa. Rana ta yi sanyi sosai kafin ya hango tudun ganuwa da awaki a kai.

Bawa yana zaune a zaure shi kaɗai, yana ɗaure ƙotar hauya da igiya. Ya ɗago, ya dubi Kalilu, ya dubi bayansa.

"Ka mance wani abu ne?"

"A'a."

"Ina motar?"

"Tana hannun Faransa." Kalilu ya tsuguna a bakin ƙofa. "Yaya, na yi maka laihi jiya, ban sani ba. Ka yahe mani. Ga ni, ban da wurin kwana."

Bawa ya ci gaba da naɗa igiyar har ya kai ƙarshe, ya ƙulle, ya cije ragowar da haƙori. Sannan ya jingine hauyar, ya tashi ya shige gaba, Kalilu ya bi shi. A tsakar gida Rabi'a ta gan su, ta nufi inda zakara yake.

Ƙofar ɗakin gajera ce, sai da Kalilu ya rusuna. Ciki yana ƙamshin sabuwar ciyawa da ɗanyen daɓe. An shimfiɗa tabarma, ga randa a kusurwa da moɗa a kai. A ɗakin nan aka haife su su biyu. Kalilu ya zauna a kan tabarmar. Bawa ya zauna a dokin ƙofa, ya ba hasken waje baya.

"Kai kana ganin hushi nike da kai," in ji shi. "Na ji zahi jiya, ba ƙarya. Amma ba shi ya hana ni kai ka ba. Kalilu, ni ma ban san inda take ba."

Kalilu ya ɗago.

"Shekarar da ta rasu, anka zo ɗibar mutane aikin kuza, can Jos. Kowane gari sai ya ba da nashi. Sunana ya hito. Na bar ta lahiya lau tana kaɗi nan inda kake zamne. Wata huɗu na yi. Ina can sanƙarau ya shigo garin ga, ana rufe mutum biyar, shida, rana guda. Da na komo, ruwa ya riga ya sauka, ya daidaita wurin duka." Ya shafa gemunsa. "Cikin waɗanda sunka kai ta, biyu sunka rage da rai. Na kai na hwarko, ya nuna mani gindin wata sabara, ya rantse. Na kai na biyu, ya nuna mani kusa da kalgo, taku talatin daga nan, shi ma ya rantse. Yanzu su ma suna cikin wurin."

"Don mi ba ka hwaɗa mani tun jiya ba?"

"A ina? Bakin mota, kana bisa ina ƙasa, gari na saurare? Kai ka tahi, kowa ya sani, ba mai jiran komi gare ka. Ni ne wanda ya zamna. Shekara goma sha uku ana ce mani Bawa mai riƙon uwa. Ka taso tun daga Yamai don in nuna maka abu guda, in buɗe baki in ce ban sani ba? Na so in nuna maka sabara kawai in ce nan ne, ka tahi da daɗin rai. Duk yinin yau shi nike juyawa cikin gona. Na kasa."

Kalilu ya dubi ƙasa. Tun daga Yamai yake ɗauke da tunanin cewa akwai wani wuri guda, tsawon mutum, da zai tsaya a kai ya sauke abin da ke ransa. Ga shi babu. Ya ji baƙin ciki, ya kuma ji tausayin wannan tsohon da ke zaune a bakin ƙofa, wanda ya riƙe abin shi kaɗai duk shekarun nan.

"Tashi mu je," in ji Bawa, "tun ba a kira magariba ba."

Maƙabartar tana bayan ganuwa, ta arewa. Fili ne na rairayi, ciyawar damina ta rufe shi, ba tudu ba kwari. Ga sabarar nan, ta yi duhu. Can gaba ga kalgon, gajere mai faɗin ganye. Suka tsaya a bakin wurin suka yi sallama ga mutanen cikinsa.

"To kai ya kake yi in ka zo?" Kalilu ya tambaya a hankali.

"In tsaya nan in yi mata, raina na can. In koma can, raina na nan. Ban taɓa barin wurin ga da natsuwa ba." Bawa ya dubi sabarar, ya dubi kalgon, sannan ya dubi ƙanensa. "Yau dai mu biyu ne. Kai je ka wurin kalgo, ni in tsaya nan. Ko wanne ne cikinsu ya yi gaskiya, ɗanta na kanta."

Kalilu ya cire takalmansa ya ajiye a gefen hanya. Ya bi ta bakin ciyawa a hankali, yana duba inda zai sa ƙafa, har ya kai gindin kalgon. Da ya juyo, Bawa ya riga ya ɗaga hannuwa yana jiransa.